Phoolan Devi: shekara 11 a tsare, kotu ba ta taɓa yanke mata hukunci kan kisan da aka zarge ta da shi ba

Duk lokacin da hirar 'yan bindiga ta tashi a teburin mai shayi a Sakkwato, sai wani ya kawo sunan Phoolan Devi, tsohuwar shugabar 'yan fashi a Indiya, ya ce kotu ta ɗaure ta kan kisan kai, ta gama wa'adinta, sannan ta shiga siyasa. Finafinan Indiya sun sa mun ɗauka mun san labarin, amma ba haka aka yi ba.

Gaskiya ne an zarge ta da jagorantar kisan maza kusan 20 a ƙauyen Behmai na jihar Uttar Pradesh a 1981. Sai dai ba kama ta aka yi ba. Ita da kanta ta ajiye makami a garin Bhind na jihar Madhya Pradesh a Fabrairun 1983, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da cewa ba za a yanke mata hukuncin kisa ba. Daga nan ta shafe shekara 11 a gidan yari, galibi a Gwalior, tana jiran shari'ar da ba a taɓa kammalawa ba. Wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwa mai jiran shari'a abinci ya san bambancin nan ba ƙarami ba ne.

A 1994 aka sake ta, gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta Mulayam Singh Yadav ta ba da umarnin janye tuhume-tuhumen. Ta ci kujerar majalisar dokokin ƙasar Indiya daga mazaɓar Mirzapur a 1996 da 1999. An harbe ta har lahira a ƙofar gidanta a New Delhi ranar 25 ga Yuli, 2001.