Abin da dokar Najeriya ta tanada game da ɗankunya

Matafiyin da ke bin hanyar Abuja zuwa Lokoja yakan ci karo da masu sayar da naman daji a bakin titi, kuma jefi-jefi akan ga wani ya ɗaga wata dabba mai sulke a jiki, ta dunƙule kamar gammo ta ɓoye kanta. Wannan shi ne ɗankunya, kuma yawancin masu tsayawa su taya ba su san cewa cinikinsa laifi ne ba.

Dokar da ta haramta hakan ita ce dokar kare dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1985 a matsayin doka ta 11. Ta kasa dabbobi gida biyu. Waɗanda ke jadawali na biyu ana iya cinikinsu idan an samu lasisi, amma waɗanda ke jadawali na farko an hana farautarsu da kama su da cinikinsu baki ɗaya, kuma a nan ɗankunya yake. Ma'anar haka ita ce babu takardar da za ta halatta wa ɗan kasuwa sayar da shi, a raye ne ko a mace, namansa ne ko ɓawonsa. Mafarauci da dillali da mai maganin gargajiyan da ya jera ɓawo biyar a cikin kwalba, duk dokar ta hau kansu.

Shekara da shekaru tarar laifin farko naira dubu ɗaya ce kacal, kuɗin da ko abincin rana ba za su saya wa mutum a unguwar Wuse ta Abuja ba yanzu. Sai a 2016 aka yi wa dokar gyara aka mayar da tarar naira miliyan biyar, wanda kuma ya maimaita laifin yana fuskantar ɗauri. A wannan shekarar ce kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa tsakanin ƙasashe, ciki har da Najeriya, suka amince a taronsu na Johannesburg da hana cinikin dukkan nau'o'in ɗankunya takwas tsakanin ƙasashe, huɗu na Afirka da huɗu na Asiya, hanin kuma ya fara aiki a Janairun 2017.

Dalilin wannan tsanani yana tattare da halittar dabbar. Ɗankunya ba shi da haƙori, da dogon harshe mai yauƙi yake lasar tururuwa da gara, kuma macen takan haifi ɗa ɗaya ne tal, saboda haka duk dajin da aka kwashe ba ya saurin farfaɗowa. Dunƙulewar da ke kare shi daga zaki da damisa ita ce ke ba da shi ga ɗan Adam, domin ba ya gudu, ba ya cizo, sai dai a sunkuya a ɗauke shi a jefa cikin buhu. Abin takaicin shi ne ɓawon da ake kashe shi dominsa, wanda ake kaiwa Sin da Biyetnam don haɗa magunguna, sinadarinsa ɗaya ne da farcen mutum.

A ganina raunin ba a rubutun dokar yake ba, a wajen aiwatarwa yake. A Afrilun 2019 jami'an Singafo sun kama kusan tan 13 na ɓawon ɗankunya a cikin kwantenar da ta taso daga Najeriya, an rubuta a takarda cewa daskararren naman sa ne. Kaya mai yawan haka ba ya taruwa a hannun mai talla a bakin titi, kuma naira miliyan biyar ba ta razana mai irin wannan jari. Hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, da hukumar kwastam su ne ke da alhakin kamawa, kuma a Oktoban 2023 an ƙone kusan tan huɗu na ɓawon da aka kama a nan Abuja, domin kada ya sake sulalewa kasuwa. Ƙudurin da ɗan majalisa Terseer Ugbor ya gabatar a 2024 ya nufi wannan giɓin ne, da ƙarin hukunci da ba masu bincike damar bin sawun kuɗin manyan dillalan.