Ƙudan zuma mai yankan ganye

Ƙudan zuma mai yankan ganye ƙwaro ne na jinsin Megachile, cikin dangin Megachilidae. Masanin ƙwari ɗan Faransa, Latreille, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1802, kuma an san nau'o'insa fiye da 1,500 a duniya. Ba ya zama cikin amya, ba shi da sarauniya, ba ya tara zuma. Kowace mace ita kaɗai ke gina gidanta.

Yadda ake gane shi

Girman yawancinsu bai wuce na ƙudan zuman amya ba, sai dai jikinsu ya fi kauri, kai faffaɗa, muƙamuƙi manya. Babbar alama tana ƙarƙashin cikin mace: akwai gashi mai tauri jere kamar buroshi, a nan take ɗaukar garin fure. Ƙudan amya a ƙafafun baya yake ɗauka. Idan aka ga ƙuda a kan fure ya ɗaga bayansa sama, cikinsa ya yi rawaya da gari, da wuya in ba wannan ba ne. Namiji ba shi da wannan gashi. Gaɓoɓin eriyarsa 13 ne, na mace 12.

Tantance nau'i kuwa sai da madubin ƙara girma. Ana duba launin gashin ciki, da yawan haƙoran muƙamuƙi, da ko akwai kaifi a tsakanin haƙoran. Wannan kaifi shi ke raba masu yankan ganye na ainihi da 'yan uwansu masu gini da ƙaro ko laka. Launin jiki shi kaɗai yana yaudara, domin gashi kan kuɗe ko ya zube idan ƙwaron ya tsufa. Shi ya sa hoton waya da aka ɗauka daga sama ba ya wadatarwa. A samu na fuska, na gefe, da na ƙarƙashin ciki.

Sau da yawa aikinsa ake fara gani kafin shi. Yankansa daga bakin ganye yake farawa, sumul, ko dai zagayayye ko mai siffar ƙwai. Cin tsutsa da na fara kaca-kaca yake, tsutsa kuma takan bar kashi. Masu sayar da furanni a bakin titunan Ikoyi da Lekki a Legas kan ga haka a ganyen wardi su ɗauko feshi. Asarar kuɗi ce kawai: ƙudan ba cin ganyen yake ba, shukar kuma ba ta mutuwa.

Mazauni da gini

Rami da ya riga ya samu yake nema: hudar katako, gora, tsagar bango, busasshen kara, wani lokaci ƙasar tukunyar fure. A cikin ramin yake jera ɗakuna da ganyen da ya yanko: dogayen yanka su ne bangon ɗaki, zagayayyun su ne murfi. A kowane ɗaki mace kan zuba garin fure kwaɓe da ruwan fure, ta saka ƙwai ɗaya, ta rufe, ta soma na gaba. Ƙwayayen mata suna can ciki, na maza kusa da baki, mazan ne kuma ke fara fita.

A Legas ana iya cin karo da shi duk inda furanni da tsohon katako suka haɗu, musamman kusa da wake da danginsa. Mai son nazarinsa sai ya huda katako da ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8, zurfin santimita 10 zuwa 15, kada hudar ta ɓulle ta baya. A rataye ƙarƙashin rufi. Damina a nan doguwa ce, kuma laima ita ce babbar matsala: abincin ɗaki ya yi fumfuna, tsutsar ƙudan ta mutu. Tururuwa ma na shiga idan katakon ya taɓa ƙasa. Akwai kuma ƙudan Coelioxys mai tsinin gindi, wanda ke laɓaɓawa ya saka ƙwansa a ɗakin da wata ta gina.

Nau'in da ya fi shahara shi ne Megachile rotundata, ɗan asalin Turai da yammacin Asiya, wanda manoman Amurka da Kanada ke kiwo don barbarar ciyawar alfalfa. Megachile pluto na Indunusiya, mafi girman ƙudan zuma da aka sani, ɗan wannan jinsi ne, amma da ƙaro yake gini, cikin gidan gara a kan bishiya.