Tausa da ƙas-ƙas ɗin ƙashin baya: me bincike ya gano?

Daga ina sana'ar murɗa ƙashin baya ta fito?

Manyan hanyoyi guda biyu na jinya ta hanyar murɗa ƙashi da gaɓoɓi da hannu, wato ostiyofati da kairofiraktik, a Amurka aka haife su. Andrew Taylor Still ya fara ostiyofati a 1874, sai Daniel David Palmer ya kafa kairofiraktik a 1895 a garin Davenport. Palmer ya yi imani cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Wannan da'awa ba ta samu hujja ba har yau.

To, murɗa ƙashin yana maganin ciwon baya ko ba ya yi?

Yana ragewa, amma ba kamar yadda masu talla ke zuzutawa ba. A 2019 mujallar likitoci ta BMJ ta haɗa gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum sama da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Sakamakon murɗa ƙashin baya ya zo kusan ɗaya da na sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara, irin su motsa jiki. Tausa ma sauƙinta na ɗan lokaci ne. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2016, ta ce a yi aikin hannu, wato tausa ko murɗa ƙashi, kawai idan an haɗa shi da motsa jiki. A ganina nan ne gaskiyar take, domin yawancin sabon ciwon baya yakan lafa da kansa cikin makonni kaɗan, mai tausa kuma ya kwashe yabo.

Ƙarar da ake ji idan an murɗa baya fa, ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba?

A'a. Kumfar iska ce ke tasowa a ruwan da ke cikin gaɓa, irin ƙarar da yatsa ke yi idan an ja shi.

Akwai haɗari?

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba baƙon abu ba ne. Inda ake jin tsoro shi ne wuya: an samu mutanen da jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an fizge shi, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana na muhawara kan ko murɗawar ce sanadi a kowane lokaci.

Maɗoranmu fa?

Karaya daban, ciwon baya daban. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan karan ɗori da ake ɗaurewa tamau har jini ya daina gudu: yatsu su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi, a ƙarshe a yanke hannun. Ɗorin da ya sa yatsa ya daina jin taɓi, a kwance shi nan take a nufi asibiti.

Yaushe ne bai kamata a je wurin mai tausa ba?

Idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, raunin ƙafafu, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Tarin fuka na iya cin ƙashin baya, kuma maganinsa na asibiti ne na tsawon watanni.