Wai Mece ce GOAT ɗin Nan da Ake Raba wa Kowa?

Shekaranjiya ina cikin mota na ji wani mai gabatar da shirin wasanni a rediyo yana cewa zai lissafo wa masu sauraro "GOAT guda biyar na wannan kakar". Biyar! Kuma na kaka ɗaya! Ban gama haɗiye wannan ba, da daddare na ga wani matashi a Facebook ya liƙa hoton maigidansa ɗan siyasa, ya jera hoton akuya guda uku a ƙasa, wai shi ne GOAT na aikin hanya a ƙaramar hukumarsu.

Kalmar taƙaitawa ce ta Greatest of All Time, wato gwanin gwanaye na kowane zamani, wanda ba a yi kamarsa ba a da, ba a kuma yi ba har yanzu. Haruffan farko ne suka haɗu suka ba da sunan akuya da Turanci, shi ya sa ake liƙa hotonta. Ana danganta tushen kirarin da ɗan dambe Muhammad Ali, wanda ya shekara yana kiran kansa mafi girma. Abin dariyar shi ne, kafin wannan yayi, idan marubutan wasanni a Amurka suka kira ɗan wasa akuya, zagi ne: shi ne wanda ya jawo wa ƙungiyarsa rashin nasara, aka ɗora masa laifin kowa. Mu ma dai a nan, ka kira dattijo akuya ka ga abin da zai biyo baya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da kalmar awon ƙirga ƙwallaye, wai duk wanda ya fi zura ƙwallo shi ne GOAT, ranar da aka wuce shi kuma rawani ya koma kan wani. Ba zan kawo misalin Messi da Ronaldo ba, don na san da na ambace su hankali ya tashi, kowa ya koma bayan gwaninsa. Bari mu tafi wasan da ba mu da ɗan uwa a cikinsa, ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda ake yi a Kanada da Amurka da Rasha da ƙasashen arewacin Turai.

Mutum shida-shida ne kowane ɓangare har da mai tsaron gida, suna sulu a kan daskararren ruwa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. A babbar gasarsu, NHL, ana rubuta wa ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, maki ɗaya kuma idan shi ya miƙa aka ci. Ku riƙe wannan, a nan zancen yake.

Wayne Gretzky ɗan Kanada ne, an haife shi a 1961 a garin Brantford na lardin Ontario. Mahaifinsa Walter yakan malala ruwa a bayan gida lokacin sanyi ya daskare, a nan yaron ya koyi sulu. Ba ƙato ba ne, ba shi ne mafi gudu ba, kuma a wasan da ake bangazar juna da bango, ana ganin siriri irinsa ba zai kai labari ba. Abin da yake da shi ido ne. Yakan je ya tsaya a bayan raga, wurin da ake barin wasa ya ci gaba a wannan wasan, ya riƙa rarraba faifan daga can, har aka riƙa kiran wurin ofishinsa. Ya ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau huɗu da ƙungiyar Edmonton Oilers, a 1984 da 1985 da 1987 da 1988. A kakar 1981 zuwa 1982 ya ci ƙwallaye 92 shi kaɗai. An zaɓe shi gwarzon gasar sau tara, takwas daga ciki a jere. Da aka sayar da shi ga Los Angeles Kings a watan Agustan 1988, har wani ɗan majalisar Kanada ya nemi gwamnati ta hana cinikin, kamar dai ana shirin sayar da wata kadarar ƙasa. Ya yi ritaya a 1999 yana New York Rangers, da ƙwallaye 894, adadin da ya fi na kowa a tarihin gasar a lokacin.

To, ranar 6 ga Afrilun 2025, Alexander Ovechkin, ɗan Rasha mai yi wa Washington Capitals wasa, ya ci ta 895 a ragar New York Islanders. Gretzky yana wurin, ya sauko ya taya shi murna. Wani abin mamaki, a wasansa na 1,487 ya yi hakan, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga a duk rayuwarsa a gasar. Babu mai cewa ya samu ƙarin lokaci.

A lissafin mai gabatar da shirinmu na rediyo, magana ta ƙare ke nan: sabon GOAT ya zo, tsoho ya tattara. Amma masu bin wasan ba su ce haka ba. Abin da akasarinsu suka ce shi ne Ovechkin ya zama gwanin cin ƙwallo, kuma ya cancanta, musamman da yake ya yi nasa a zamanin da masu tsaron gida suka fi girman kayan kariya da ƙwarewa. Rawanin kuwa bai motsa ba. Dalili? Gretzky ya miƙa an ci sau 1,963. Jimillar makinsa 2,857. Wanda ke bi masa a tarihi, Jaromir Jagr ɗan ƙasar Cek, yana da 1,921. Ku sake duba alƙaluman nan. Da a ce Gretzky bai taɓa jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba tun da aka haife shi, da miƙawa kaɗai zai ci gaba da zama na ɗaya a maki. A kakar 1985 zuwa 1986 ya tara maki 215, 163 daga ciki miƙawa ne, alhali na biyu a wannan shekarar, Mario Lemieux, wanda shi ma dodo ne, duka-duka 141 ya samu. Ranar da Ovechkin ya wuce Gretzky a ƙwallaye, tazarar makin da ke tsakaninsu ta haura 1,200.

Wannan tazarar ita ce, a ganina, kaɗai abin da zai sa a yi amfani da kalmar ba tare da jin kunya ba: mutum ya yi wa tsaransa nisan da ko maƙiyinsa ba zai iya musu ba, kuma shekaru su wuce nisan bai rufe ba. Irin wannan kuwa ba kowane wasa ne ke da shi ba. Inda ake ta gardama shekara goma sha biyar a gidan kallo ba a rabu ba, watakila amsar ita ce babu GOAT a wurin, gwanaye biyu ne kawai Allah ya haɗa a zamani ɗaya. Mutane ba sa son jin haka, don gardamar ce daɗin.

Ni kalmar ma ba ta kwanta min ba tun asali, in faɗi gaskiya. "Kowane zamani" ya haɗa da zamanin da ba mu gani ba da wanda bai zo ba, kuma yawancin masu rantsuwa a kai ba su kalli wasan da aka yi kafin a haife su ba. Muna da kalmominmu da suka fi ta adalci. Gwani yana nan, gwarzo yana nan, zakara yana nan, kowanne yana karɓar jam'i da iyakar lokaci. Ka ce zakaran bana, babu mai tuhumarka. Ka ce gwanaye biyar, daidai ne. GOAT ce ba ta karɓar "na bana", ba ta karɓar "guda biyar", ba ta kuma karɓar "na ƙaramar hukuma".

Shi kansa Gretzky, da ake yi wa laƙabi da Babban, idan aka tambaye shi wa ya fi kowa, Gordie Howe yake ambata, tsohon ɗan wasan Detroit Red Wings da ya taso yana kallo. Lamba 9 ta Howe ya so ya saka tun yana matashi a ƙungiyar garin Sault Ste. Marie, ya tarar wani ya riga shi, kocinsa ya ba shi shawarar ya jera tara biyu. A shekarar 2000 NHL ta janye lamba 99 daga dukkan ƙungiyoyinta, babu ɗan wasan da zai sake saka ta a gasar.