Justice League International

Justice League International, wadda ake taƙaitawa JLI, ƙungiyar jarumai ce ta littattafan komik na kamfanin DC Comics da ke Amurka. Ta fara fitowa a shekarar 1987. Keith Giffen ne ke tsara labarin, J. M. DeMatteis ya sa wa jaruman magana a baki, Kevin Maguire kuma ya zana, edita shi ne Andy Helfer. Abin da aka fi saninta da shi shi ne barkwanci, don a lokacin da komik ɗin Amurka ya koma duhu da zubar da jini, ita sai ta zo da jarumai masu gardama kan abin da bai kai ya kawo ba kamar yaran gida ɗaya.

Asalinta dai rashi ne ya haife ta. Bayan babban labarin Crisis on Infinite Earths na 1985 zuwa 1986, DC ta sake fasalin duniyarta gaba ɗaya, kuma aka ce a farfaɗo da Justice League, babbar ƙungiyar jaruman DC, to amma manyan jaruman ba su samuwa, Superman yana hannun John Byrne ana sake masa tarihi, Wonder Woman tana hannun George Pérez, Flash ma an hana. Batman kaɗai aka samu, shi ma don editansa Denny O'Neil ya yarda ne. Sai aka tattaro sauran: Martian Manhunter, Black Canary, Blue Beetle, Mister Miracle, Doctor Fate, Captain Marvel, da Guy Gardner, wani Green Lantern mai baƙin hali da ɗaga murya. Booster Gold ya shigo a fitowa ta 4. Marubutan suka ga tunda ba su da taurari, bari su nuna yadda mutanen nan suke idan ba a fagen fama suke ba.

Fitowa ta 5 ita ce wadda har yau ake ba da labarinta. Guy ya dame kowa wai shi ya kamata ya zama shugaba, ya cire zobensa mai ba shi ƙarfi ya ce Batman ya fito su gwada, Batman ya kai masa naushi ɗaya tak a fuska ya zube. Blue Beetle na gefe yana ta ƙyaƙyata dariya, Black Canary kuwa da ta shigo daga baya haushinta shi ne an yi babu ita. Maguire gwani ne wurin zana fuska, yatsina da harara da murmushin mugunta duk a bayyane, rabin dariyar daga nan take fitowa. Daga baya Guy ya buga kansa ya farka ya zama mai ladabi da sanyin murya, abin da ya fi tsorata abokansa ma.

Kalmar International ta shiga sunan ne a fitowa ta 7, ƙarshen 1987. A cikin labarin wani ɗan kasuwa mai wayo, Maxwell Lord, shi ya yi ta ƙulle-ƙulle har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙungiyar, aka buɗe mata ofisoshin jakadanci a New York da Paris da Mosko da wasu biranen. Lokacin yaƙin cacar baki ne, don haka sai da aka raba daidai, Amurka ta sa Captain Atom, Tarayyar Sobiyet ta sa Rocket Red. Rocket Red na farko ashe ɗan leƙen asirin Manhunters ne, wasu mugayen mutum-mutumi, aka maye gurbinsa da Dmitri Pushkin, mutum mai iyali da fara'a wanda masu karatu suka so sosai.

Kafin JLI akwai wata ƙungiya a DC mai suna Global Guardians, wadda E. Nelson Bridwell ya ƙirƙiro mambobinta, hedkwatarta a Paris, kuma gaskiya ita ta fi cancanta da sunan ta duniya, tana da Doctor Mist daga Afirka, Impala daga Afirka ta Kudu, Rising Sun daga Japan, Seraph daga Isra'ila. Da majalisar ta juya kuɗinta zuwa JLI sai Guardians suka rasa madafa, biyu daga cikinsu suka je neman aiki aka ɗauke su: Fire 'yar Brazil da Ice 'yar Norway. In aka cire waɗannan biyu da Rocket Red da 'yan kaɗan, yawancin JLI Amurkawa ne ko baƙi daga wata duniyar, kuma a wancan zubin na farko Afirka ba ta da wakili a sahun gaba.

Kasuwa ta yi kyau har a 1989 aka raba gida biyu. Justice League Europe ta zauna a Paris ƙarƙashin Captain Atom, da Flash da Power Girl da Elongated Man da Metamorpho, ana ta yi musu dariya don ba su jin Faransanci, daga baya suka koma Landan. Uwar mujallar kuma ta koma Justice League America daga fitowa ta 26. A wannan zamanin ne Beetle da Booster suka kwashi kuɗin ƙungiya suka buɗe gidan caca a wani tsibiri mai suna Kooey Kooey Kooey, tsibirin ya tashi ya yi tafiyarsa a teku don ashe mai rai ne. Martian Manhunter kuma, dattijon gidan mai haƙuri, ya kamu da son biskit ɗin Oreo. Ba wasa kaɗai ba ne fa, rikicinsu da ƙasar Bialya ta ƙage da kuma zuwan mugun baƙo daga wata duniyar, Despero, sun zo da mutuwa ta gaske.

Giffen da DeMatteis sun sauka a 1992 bayan dogon labarin Breakdowns, Dan Jurgens ya karɓa ya shigo da Superman, kuma wannan ƙungiyar ce dodon nan Doomsday ya ragargaza kafin ya kashe Superman. A 1993 mujallar Turai ta ɗauki sunan Justice League International, ta tsaya a 1994. Su ukun na asali, Giffen da DeMatteis da Maguire, sun dawo a 2003 da Formerly Known as the Justice League, ta ci kyautar Eisner, babbar kyautar komik ta Amurka, a fannin barkwanci a 2004. Shekara ɗaya bayan nan, a 2005, DC ta sa Maxwell Lord ya harbe Blue Beetle a kai, sannan Wonder Woman ta karya wuyan Lord ɗin, abin da tsofaffin masoya da yawa ba su yafe ba.

An sake gwadawa a Satumbar 2011 lokacin New 52, sa'ad da DC ta sake fara mujallunta daga farko, Jurgens na rubutu Aaron Lopresti na zane, Booster Gold ne shugaba. Wannan karon an ɗan gyara rabon ƙasashe, akwai August General in Iron daga Sin, Godiva daga Ingila, Vixen daga Zambesi, ƙasar Afirka ta ƙage, daga baya Batwing ɗan Kwango ya shigo. Fitowa 12 kawai ta yi da fitowar musamman ta shekara-shekara guda ɗaya aka rufe ta a 2012. Keith Giffen ya rasu a Oktobar 2023.