Shin wanda ya yi laifi ya shige Batikan ya sha ke nan?

Duk sanda aka naɗa sabon Fafaroma sai tsohuwar magana ta taso: wai Mussolini, tsohon shugaban gwamnatin Italiya, shi ne ya yi wa Cocin Katolika kyautar ƙasar Batikan, kuma wai wanda ya yi ta'asa a birnin Rum, da ya tsallaka katangar Batikan hannun hukuma ba ya kai gare shi.

Batun kyauta bai taso ba. Kafin 1870 Fafaroma ke mulkin yanki mai faɗi a tsakiyar Italiya. A watan Satumba na shekarar sojojin Italiya suka ƙwace Rum, masu riƙe da kujerar suka ƙi amincewa da hakan har shekara 59. Yarjejeniyar Lateran, wadda Mussolini da Kadinal Pietro Gasparri, wakilin Fafaroma, suka sa wa hannu ranar 11 ga Fabrairun 1929, ita ta kashe rigimar. An bar wa Fafaroma hekta 44 da diyyar kuɗi, don kada shugaban cocin ya zauna a ƙarƙashin wata gwamnati. Wanda aka ƙwace wa gona aka mayar masa da kunya ɗaya, da wuya ya ce an yi masa kyauta.

Maganar mafaka kuwa, sashe na 22 na yarjejeniyar ya warware ta. Wanda ake tuhuma da laifi a Italiya ya gudo Batikan, za a miƙa shi, muddin dokokin ɓangarorin biyu sun ɗauki abin laifi. Idan a cikin Batikan aka yi laifin, fadar na iya roƙon Italiya ta yi shari'ar. Mehmet Ali Agca, wanda ya harbi Fafaroma John Paul na biyu a 1981, kotun Italiya ce ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Dandalin St Peter ma, inda ya yi harbin, 'yan sandan Italiya na da iko a cikinsa.

Sai dai jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. Sashe na 11 ya hana Italiya tsoma baki a manyan hukumomin cocin. A 1987 masu bincike suka ba da sammacin kama Akbishop Paul Marcinkus, shugaban bankin Batikan, kan durƙushewar wani bankin Italiya mai suna Banco Ambrosiano, amma babbar kotun Italiya ta soke sammacin bisa wannan sashe. Mai yankan aljihu a dandali za a damƙe shi nan take, shi kuwa Marcinkus har ya mutu a Amurka a 2006 bai gurfana gaban alƙali kan lamarin ba.