Baƙin na'urori a netwok ɗin sabar fina-finai ta gida

Sabar fina-finai ta gida kwamfuta ce ko ƙaramin akwatin ajiya da ake tara fina-finai, waƙoƙi, karatuttuka da hotuna a ciki, domin talabijin da wayoyin gidan su riƙa ɗaukowa ta Wi-Fi. Manhajojin da aka fi amfani da su wajen wannan aiki su ne Plex, Emby, da Jellyfin wadda ta ɓalle daga Emby a 2018. Baƙuwar na'ura kuwa ita ce duk wadda sunanta ko lambarta ta bayyana a jerin masu haɗe da netwok ɗin, ko a jerin masu shiga sabar, alhali mai gidan bai shaida ta ba. Mafi yawan irin waɗannan baƙi 'yan gida ne da suka zo da wani suna daban. Duk da haka ba a wofintar da lamarin, domin sabar gida tana amincewa da duk na'urar da ta riga ta shigo cikin netwok.

Jeri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba

Jeri na farko yana cikin rauta, na'urar da ke rarraba intanet a gida. Duk wayar da ta haɗu, rauta kan ba ta adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, na aro, galibi mai farawa da 192.168, sannan ta rubuta ta a lissafinta. Jeri na biyu yana cikin manhajar sabar, inda ake ganin na'urorin da aka taɓa shiga asusun da su. Baƙo a jeri na farko yana nufin wani ya samu shiga Wi-Fi ɗin. Baƙo a jeri na biyu yana iya kasancewa a wata ƙasa ma, in dai yana da kalmar sirrin asusun. Maganin ɗaya ba ya warkar da ɗaya, don haka tambayar farko ita ce: a wane jeri aka gan shi?

Yadda 'yan gida ke zama baƙi

Kowane katin sadarwa, wato ɓangaren da na'ura ke haɗuwa da netwok ta cikinsa, yana da lamba da ake kira adireshin MAC, mai haruffa da lambobi goma sha biyu, an jera su biyu-biyu. Shidan farko na kamfanin da ya ƙera katin ne, kuma IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, ce ke raba su. Wannan shi ne tushen ruɗani na farko: rauta kan nuna sunan wanda ya ƙera katin, ba sunan da ke jikin kwalin na'urar ba. Ƙwan lantarki ko soket mai aiki da waya kan fito da sunan Espressif. Na'urar wasan bidiyo ko firinta tana iya fitowa da Hon Hai, AzureWave ko Murata. Mutum ya ga sunan da bai taɓa ji ba, gabansa ya faɗi, alhali abin yana nan a falonsa.

Na biyu, wanda ya fi yawa a yau, shi ne sauya adireshin MAC da wayoyi ke yi da gangan don kada a riƙa bibiyar mai su. Android 10 ta mayar da hakan tsarin asali a 2019, Apple kuma ta kawo shi ga kowane netwok a iOS 14 a 2020. Waya guda tana iya bayyana sau biyu ko uku, musamman idan gidan yana da sunayen Wi-Fi biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, ko idan an goge netwok ɗin an sake shiga. Akwai alamar da ke tona irin wannan adireshi: a dubi harafi na biyu. Idan 2 ne, ko 6, ko A, ko E, to ƙirƙirarren adireshi ne, ba na masana'anta ba, kuma ba za a samu sunan kamfani a kansa ba komai bincike.

Sabar kanta tana haifar da baƙi. Wanda ya ɗora Plex ko Jellyfin a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja irin su VirtualBox ko VMware ke ƙirƙira a cikin ta ainihi, zai ga ƙarin na'ura: adireshin MAC na VirtualBox yana farawa da 08:00:27, na VMware da 00:0C:29 ko 00:50:56. Talabijin mai haɗe da kebul da Wi-Fi a lokaci guda na'urori biyu ce a idon rauta. Wasu na'urorin ƙara ƙarfin Wi-Fi kuma kan canja adireshin duk abin da ya bi ta cikinsu. Ga kuma tsofaffin sunaye da ke makalewa a jeri bayan mai wayar ya daɗe da tafiya, har sai wa'adin aron adireshin ya ƙare.

Inda haɗarin yake

Talabijin tana gano sabar ba tare da an saita komai ba saboda UPnP da DLNA, tsare-tsaren da ke ba na'urorin gida damar gano juna da raba fina-finai da hotuna. Na'urori suna shelanta kansu ta ƙofar sadarwa mai lamba 1900, wato ɗaya daga hanyoyi masu lamba da saƙo ke bi ya shiga na'ura, kowa a netwok ɗin yana ji. An kafa ƙungiyar DLNA a 2003, ta rufe a 2017, amma tsarin yana nan daram a cikin talabijin masu yawa. Babban rauninsa shi ne ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗin gidan zai iya buɗe duk abin da aka raba ta wannan hanya, har da hotunan iyali da bidiyon biki da suna. A gidajen da ake ba maƙwabta da baƙi kalmar sirri don zumunci, wannan abin lura ne ƙwarai, domin wayar Android tana iya miƙa kalmar ga wani ta lambar QR cikin daƙiƙa, mai gida bai sani ba.

Hanya ta biyu daga waje take. Plex tana sauraro a ƙofa ta 32400, Jellyfin da Emby a 8096. Idan an kunna kallo daga nesa, UPnP yana iya sa rauta ta buɗe ƙofar ga intanet baki ɗaya, kuma akwai manhajojin da aikinsu ke nan dare da rana, laluben ƙofofin da aka bari a buɗe. Masu amfani da MiFi ko rautar layin waya sau da yawa suna bayan adireshi ɗaya da kamfanin sadarwa ya haɗa mutane da yawa a kai, wanda ke hana irin wannan shigowa kai tsaye, amma ba ya kare asusun da aka sace kalmar sirrinsa. A watan Agustan 2022 Plex ta sanar cewa an yi kutse a rumbun bayananta, ta kuma nemi masu asusu su sauya kalmomin sirri.

Misalin da ya fi nuna girman abin shi ne na LastPass, kamfanin ajiye kalmomin sirri. A 2022 wasu mahara suka shiga kwamfutar gida ta wani babban injiniyansa ta wata ɓaraka a sabar Plex, suka dasa manhajar naɗar abin da yake bugawa, daga nan suka kai ga ajiyar bayanan kamfanin. Plex ta riga ta toshe ɓarakar tun watan Mayun 2020. Ba a sabunta sabar ba ne kawai. Abin takaici ne matuƙa, domin gyaran kyauta ne kuma yana nan fiye da shekara biyu.

Yadda ake tantancewa

Hanya mafi inganci ita ce mafi sauƙi: a buɗe shafin rauta, a riƙa kashe Wi-Fi ɗin na'urorin gida ɗaya bayan ɗaya, ana kallon wacce ta ɓace daga jerin masu aiki. Wadda aka gane, a sa mata suna a rauta, kamar "talabijin ɗin falo", don kada gobe a sake wahala. Kowace waya tana nuna adireshin da take amfani da shi a cikin saitin netwok ɗin, sai a gwada da na jerin. Manhajojin da ke lalubo na'urorin da ke cikin netwok, irin su Fing da Nmap, suna taimakawa, ko da yake hasashensu kan nau'in na'ura ba koyaushe yake daidai ba.

Idan an kashe komai amma baƙon yana nan yana jan data, sai a sauya kalmar sirrin Wi-Fi, a yi amfani da tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 ko WPA3, a kuma kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da rauta ta danna maɓalli ko gajeriyar lamba, wadda aka bankaɗo rauninta tun 2011. Toshe baƙo ta adireshin MAC kaɗai ba ya riƙe kowa, tunda wayarsa za ta iya dawowa da sabon adireshi. Idan kuma a jerin sabar aka gan shi, sai a cire shi, a sauya kalmar sirrin asusun tare da fitar da duk na'urorin da ke ciki, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sabunta manhajar. Yawancin rautoci suna da netwok na baƙi, wanda ke ba mutum intanet ba tare da ya ga sabar ba, kuma shi ya dace a ba maƙwabci da mai ziyara. DLNA da buɗe ƙofa ta UPnP kuwa, gidan da ba ya amfani da su gara ya kashe su.